Ma'aunin Gusawa na Zaren Haske Mai Araha: Wanne Ya Dace da Wane Aiki?

Duk wanda ke neman auna gusawar wani abu ko karkarwarsa ba tare da ya taɓa shi ba, idan ya duba ma'aunan da ke aiki da zaren haske zai tarar da su iri-iri, kuma kusan kowanne ana yi masa kirari da araha. Zaren kansa, wanda ake kira faiba, ba shi ne yake cin kuɗi ba. Kuɗin yana tafiya ne wajen abin da ke samar da hasken da kuma na'urar da ke karanta shi bayan ya dawo, kuma a nan ne ma'aunan suka rabu gida uku: akwai masu auna yawan hasken da ya dawo, akwai masu duba yadda igiyoyin haske biyu suke haɗuwa, akwai kuma masu auna tsawon igiyar hasken, wato launinsa. Tambayoyi biyu ne suke raba gardama tsakaninsu. Ta farko, awon zai ɗauki daƙiƙoƙi ne ko watanni? Ta biyu, yaya fuskar abin da za a auna take, kuma za ta zauna yadda take ko za ta riƙa canzawa?

Kafin a kai ga wannan, ya kamata mai awo ya tabbatar cewa yana bukatar zaren haske tun asali. Fa'idarsa sananniya ce: kan ma'aunin ba ya ɗauke da wutar lantarki, saboda haka ba ya tartsatsi a wurin da iskar gas za ta iya kamawa, maganaɗisu da hayaniyar manyan injunan lantarki ba sa rikita shi, yana shiga matsattsen wurin da yatsa ba zai shiga ba, kuma ba ya ɗora nauyi a kan abin da yake aunawa. Idan babu ko ɗaya daga cikin waɗannan bukatu, misali ƙarfe ne za a auna a ɗaki mai tsabta inda babu maganaɗisu, to ma'aunin LVDT mai taɓawa, wato sandar ƙarfe mai zamewa cikin naɗin waya, ko ma'aunin da ke aiki da maganaɗisu zai yi aikin da ƙarancin wahala, kuma mai da ƙura ba za su dame shi ba kamar yadda suke damun haske.

Mafi araha kuma mafi tsufa shi ne mai auna yawan hasken da ya dawo. Zare ɗaya yana kai haske daga ƙwan LED zuwa fuskar abin da ake aunawa, wani zaren da ke gefensa yana karɓar abin da fuskar ta mayar ya kai shi ga fotodayod, wadda ke juya haske zuwa lantarki. Wannan dabara ta fito a Amurka tun shekarun 1960, inda Curtis Kissinger ya sami takardar mallakar fasaha a kanta a 1967, kuma kamfanin Mechanical Technology ya sayar da ita da sunan Fotonic. Abin da ya wajaba a fahimta game da ita shi ne cewa hasken da ke dawowa ba ya bin tazarar a miƙe. Idan kan zaren yana manne da fuskar, babu abin da ke shiga zaren karɓa. Da tazarar ta fara buɗewa sai hasken ya ƙaru da sauri, ya kai ƙololuwa, daga nan ya riƙa raguwa a hankali, kamar tudu mai tsayayyen hawa da doguwar gangara. A ɓangaren hawa ake samun kaifin awo, domin gusawa kaɗan tana kawo canji mai yawa, amma zangon gajere ne. A ɓangaren gangara zangon ya fi tsawo, kaifin ya ragu, kuma da an yi nisa hasken yana raguwa ne kusan daidai da tazarar idan aka ninka ta da kanta. Illar wannan siffa ita ce yawan haske ɗaya yana iya nufin tazara biyu daban, ɗaya a hawa ɗaya a gangara, don haka dole a san ɓangaren da ake aiki a kai, a kuma tabbatar abin da ake aunawa ba zai tsallake ƙololuwar ba.

Kaurin zaren da kusurwar da haske ke fita daga bakinsa su ne suke tsara tsawon hawan. Zaren roba da aka fi samu yana da ɓargo, wato tsakiyar da haske ke bi, mai faɗin maikiromita 980 (maikiromita kashi ɗaya ce cikin dubu na milimita) a cikin rigar da ta kai shi milimita 1, da ɓawo na waje mai faɗin milimita 2.2, kuma haske yana fita daga bakinsa yana bazuwa har kusurwar digiri 30 ta kowane gefe. Lissafi mai sauƙi yana nuna cewa idan aka jera zare biyu da ɓawonsu a gaban madubi, zaren karɓa ba zai ga komai ba sai tazarar ta kai wajen milimita 1, domin sai a lokacin hasken da ya je ya dawo yake bazuwa ya ƙetare ratar da ke tsakanin ɓargon biyu. Idan aka feƙe ɓawon aka manne su, awon yana farawa kusan daga sifiri, ƙololuwar kuma tana zuwa wajen milimita 1 ko sama da haka kaɗan. Mai bukatar kaifin da ya fi wannan sai ya koma ga dami na siraran zaren gilashi masu yawa. Idan an cuɗa masu kaiwa da masu karɓa barkatai a cikin damin, hawan yana yin gajere da kaifi ƙwarai, har a iya gane gusawar da ba ta kai maikiromita ɗaya ba. Idan an raba su gida biyu, masu kaiwa a rabi ɗaya masu karɓa a ɗaya rabin, zangon yana ƙaruwa kaifin ya ragu. Akwai kuma tsarin da ake sa masu kaiwa a tsakiya a kewaye su da masu karɓa, wanda ya faɗo tsakanin biyun.

Tsakanin roba da gilashi, zaɓin ba shi da wuya. Zaren roba ana yanka shi da reza a goge bakinsa da samfefa mai laushi, yana aiki da jan LED mai igiyar nanomita 650 (nanomita kashi ɗaya ce cikin dubu na maikiromita) wanda ido ke gani, abin da ke sauƙaƙa saiti sosai, kuma faɗinsa ya sa ƙaramin kuskuren jeri ba ya ɓata komai. Iyakarsa biyu ce. Ba ya jure zafin da ya wuce digiri 70 zuwa 85 na ma'aunin Salshiyas, kuma yana shanye haske da yawa, har kusan rabin hasken ya ɓace a cikin mita 15 zuwa 20, alhali siririn zaren gilashi na sadarwa sai ya yi tafiyar kilomita 15 kafin ya yi irin wannan asara. Saboda haka roba ta dace da teburin gwaji, da makaranta, da injin da ke kusa da na'urar karatu, gilashi kuma ya dace da wuri mai zafi ko mai nisa.

Raunin wannan ma'auni daga tushensa ya fito. Ba ya auna tazara kai tsaye, yawan haske yake aunawa, kuma duk abin da ya canza yawan hasken zai bayyana kamar gusawa. Ƙwan LED yana rage haske idan ya ɗumama, yana kuma dusashewa da tsufa. Idan wani ya lanƙwasa zaren ko mahaɗa ta sassauta, haske yana zuba. Idan fuskar abin aunawa ta yi tsatsa, ko mai ya fantsamu a kanta, ko ta karkace kaɗan, abin da take mayarwa ya canza. Fitilun ɗaki ma suna shiga, suna ƙyaftawa sau 100 ko 120 a daƙiƙa gwargwadon wutar ƙasar. Kowace matsala tana da magani, sai dai kowane magani yana rage arahar. Hasken ɗaki ana kawar da shi ta hanyar kunna LED da kashe shi sau dubbai a daƙiƙa, a kuma sa na'urar karatu ta saurari wannan saurin kaɗai. Dusashewar ƙwan ana gano ta da zare na uku wanda ke kai wani kaso na hasken kai tsaye ga fotodayod ta biyu. Canjin fuska kuwa, mafi kyawun maganinsa shi ne a sa zaren karɓa biyu a nisa daban-daban daga mai kaiwa, a raba karatun ɗaya da na ɗayan, domin idan fuskar ta dusashe duka biyun suna raguwa tare, rabon ya zauna yadda yake. Kamfanin Philtec yana sayar da iri biyun, wanda ya dogara da ƙyallin fuska da wanda aka yi wa wannan gyara. A ganina, duk wanda zai auna abin da ke juyawa ko yake wucewa ta gaban ma'aunin, kada ya ɓata lokaci da mai zaren karɓa ɗaya.

Akwai 'yan uwansa biyu da ba sa bukatar dogon bayani. A na farko zare biyu suna fuskantar juna, ɗaya a kafe ɗaya a jikin abin da ke motsi, ko kuma duka a kafe wani falle yana shiga tsakaninsu yana tare haske. A na biyu zare ɗaya ne ake lanƙwasawa, gusawar tana matse lanƙwasar, haske yana zuba gwargwado. Dukansu sun huta da matsalar fuska, amma sun rasa babbar fa'idar rashin taɓawa, kuma roba da aka lanƙwasa ba ta komawa daidai inda take nan take, saboda haka karatun tafiya da na dawowa sukan saɓa. Sun fi dacewa da gano cewa abu ya motsa ko ya wuce wata iyaka, kamar numfashin majiyyaci ko lanƙwasar gwiwa, fiye da awon da ake son lamba tabbatacciya.

Gida na biyu shi ne mai duba haɗuwar igiyoyi, kuma mafi sauƙin ginawa a cikinsa shi ne wanda ke ɗauke da sunan Fabry da Perot, masanan Faransa da suka ƙirƙiro asalin dabarar a ƙarshen ƙarni na 19. Ana yanke bakin siririn zaren gilashi, mai ɓargon maikiromita 9, a daidaita shi da fuskar abin aunawa. Kusan kashi 4 cikin 100 na hasken yana komawa baya daga bakin zaren kansa, saura ya fita, ya bugi fuskar, wani kasonsa ya sake shiga zaren. Igiyoyin biyu idan suka haɗu, wani lokaci suna ƙarfafa juna wani lokaci suna kashe juna, kuma zagaye guda yana cika duk lokacin da tazarar ta canza da rabin tsawon igiyar. Da leza mai nanomita 1550, wannan rabin nanomita 775 ne. Ma'aunin a nan shi ne tsawon igiyar hasken, don haka dusashewar fuska tana rage ƙarfin alamar amma ba ta canza yawan zagayen da aka ƙirga ba, kuma ana iya gane motsin nanomita ɗaya ko ƙasa da haka.

Wahalarsa ma daga nan take. Alamar tana maimaita kanta, saboda haka tsarin mai leza ɗaya da fotodayod ɗaya yana ba da amsa maras ruɗani ne kawai a cikin rubu'in tsawon igiya, abin da bai kai nanomita 400 ba. Idan motsin ya wuce haka sai an ƙirga zagaye, kuma ƙirgar ba ta faɗin ko abin gaba yake yi ko baya, sai an ƙara alama ta biyu da ke ɗan bayan ta farko. Idan wuta ta ɗauke ko wani abu ya gitta, ƙirgar ta ɓace. Ana magance wannan da haske mai launuka da yawa da na'urar rarrabe launi, wadda ke ba da ainihin tazarar a kowane lokaci, sai dai wannan na'ura ta fi duk sauran kayan tsada. Ga kuma ƙananan bukatu da ba a cika lissafawa ba: abin yanka zare na musamman, da mahaɗar da ke raba hasken tafiya da na dawowa, da abin da ke hana haske komawa cikin lezar ya rikita ta, da kula da zafin lezar, wadda igiyarta ke gusawa da kimanin nanomita 0.1 a kowane digiri. Idan tazarar milimita 1 ce, wannan gusawa kaɗai tana bayyana kamar motsin nanomita 65. Haka kuma hasken da ke fita daga siririn zare yana bazuwa, don haka ba tare da gilashin tattara haske ba, alamar tana raunana bayan 'yan ɗaruruwan maikiromita.

Gida na uku shi ne zanen Bragg. Ken Hill da abokan aikinsa a Kanada ne suka gano shi a 1978, sannan a 1989 Gerald Meltz da nasa abokan a Amurka suka nuna yadda za a zana shi daga gefen zaren, abin da ya buɗe ƙofar kasuwa. Wani ɗan yanki ne na ɓargon zaren da aka yi wa jerin layuka, kowanne da ratar kimanin rabin maikiromita, kuma wannan jeri yana mayar da launi ɗaya tak ya bar saura su wuce. Idan aka ja zaren, ratar ta buɗe, launin da ke dawowa ya gusa. A igiyar nanomita 1550, miƙewar kashi ɗaya cikin miliyan tana gusar da launin da kimanin fikomita 1.2, fikomita kuwa kashi ɗaya ne cikin dubu na nanomita. Tun da launi ake karantawa, asarar haske a hanya ba ta shafar amsar, ana iya kashe na'urar yau a kunna bayan wata guda a ci gaba daga inda aka tsaya, kuma ana iya jera zane da yawa a zare ɗaya, kowanne da nasa launin.

Sai dai zanen Bragg miƙewa yake aunawa, kuma gilashi ba ya miƙewa da yawa. A aikace akan tsaya wajen rabin kashi ɗaya cikin 100, wato zare mai tsawon milimita 100 zai ba da zangon rabin milimita kacal. Mai son auna milimita 50 sai ya manna zanen a jikin siririn ƙarfe mai lanƙwasa ko ya haɗa shi da sifirin, wato naɗaɗɗen ƙarfe mai miƙewa ya koma, kuma daga nan ingancin awon ya koma hannun gam da ƙarfen. Zafi ma yana gusar da launin da kimanin fikomita 10 a kowane digiri, daidai da miƙewar kashi 8 cikin miliyan, don haka dole a ajiye zane na biyu wanda ba a ja ba domin a cire tasirin zafin, ko a manna biyu a sama da ƙasan ƙarfen a ɗauki bambancinsu. Na'urar karanta launin ita ce mai tsada. Ga wuri ɗaya tak ba ta da hujja, amma idan wurare ashirin ko talatin za a auna a jikin gada ko madatsar ruwa, kuɗinta yana rarrabuwa a kansu, kuma zare ɗaya yana maye gurbin tarin wayoyi. Akwai hanyar rage kuɗi ta sa matacin launi mai juya gusawar zuwa canjin yawan haske, sai dai ta kan dawo da wani ɓangare na matsalolin gida na farko.

Idan aka ɗora waɗannan a kan ayyuka na zahiri, bambancin yana fitowa fili. Karkarwar inji, da girgizar lasifika, da bugun kan injin walda mai aiki da sautin da kunne ba ya ji, wanda ke kai da komo sau 20,000 zuwa 40,000 a daƙiƙa da faɗin gomman maikiromita, duk aikin mai auna yawan haske ne. Fotodayod tana bin wannan sauri cikin sauƙi, kuma dusashewar ƙwan da ke ɗaukar sa'o'i ba ta shafar motsin da ke faruwa a cikin ƙiftawar ido, muddin an sake saiti a kan ita fuskar kafin a fara. Gocewar sandar inji mai juyawa, da ratar da ke tsakanin bakin farfela da gidanta a injin jirgin sama, su ma nasa ne, amma na mai zaren karɓa biyu, domin kowane ɓangare na ƙarfen yana da nasa ƙyallin. Inda ya fi jin daɗi shi ne inda aka rufe shi a cikin bututu yana kallon siririn falle mai sheƙi, wanda matsin ruwa ko iska ke turawa, domin a nan mai awo ne ya zaɓi fuskar kuma ƙura ba ta isa gare ta. Da haka ake mayar da shi ma'aunin matsi, ko na zurfin ruwa a tanki, ko makirfo mai aiki a cikin na'urar ɗaukar hoton jiki ta MRI inda maganaɗisu ya hana amfani da kayan ƙarfe.

Tsagar kankare da ke buɗewa a hankali cikin shekara, da nutsewar gini, da zamewar ƙasa a gefen tudu, sun faɗo ɗaya gefen. A nan motsin ya fi dusashewar ƙwan LED jinkiri, kuma babu yadda za a rarrabe su, don haka mai auna yawan haske maras gyara zai ba da labarin gusawar da ba ta auku ba. Zanen Bragg ne ya dace, ko Fabry da Perot mai haske mai launuka da yawa. Shi kuwa mai leza ɗaya, wurinsa shi ne inda motsin bai kai maikiromita ba kuma yana da sauri, kamar karkarwar ƙananan na'urorin silikon, ko sauraren ɗan tartsatsin da ke faruwa a cikin man taransifoma kafin ya lalace. Wanda zai auna kaurin gilashi ko siffar fuska mai launi daban-daban zai ji labarin ma'aunin da ke rarraba farin haske zuwa launuka a tazara daban-daban, irin wanda Micro-Epsilon da Precitec suke yi. Yana da kyau ƙwarai, amma ba ya cikin sahun masu araha.

Ko wanne aka zaɓa, na'urar karatu da abin da ke riƙe kan ma'aunin suna iya ɓata abin da hasken ya gyara. Ƙaramin allon kwamfuta na Arduino Uno R3 yana raba karatu zuwa matakai 1,024 ne kawai, saboda haka idan zangon milimita 1 ne, kowane mataki kusan maikiromita ɗaya ne ko da komai ya tafi daidai. Guntun ADS1115, mai juya lantarki zuwa lamba, yana ba da matakai da yawa fiye da haka, amma ba ya wuce karatu 860 a daƙiƙa, wanda ya isa awon gusawa a hankali amma bai isa karkarwa mai sauri ba, tun da dole saurin karatu ya ninka saurin motsin fiye da sau biyu. Saiti kuma ana yinsa ne da ma'aunin hannu mai dunƙule da ake kira maikiromita, a kan ainihin fuskar da za a auna, a tafi a dawo, a maimaita bayan na'urar ta ɗumama, domin jadawalin da aka samu a kan madubi ba ya aiki a kan ƙarfe mai kaushi. Game da mariƙi, alminiyon yana miƙewa da kimanin maikiromita 23 a kowace mita idan zafi ya ƙaru da digiri ɗaya, ƙarfe kuma kimanin 12. Mariƙin alminiyon mai tsawon milimita 100 zai gusar da kan ma'aunin da maikiromita 2.3 a kowane digiri, don haka a awon da zai daɗe ana gajarta mariƙin iya yiwuwa, a yi shi da irin ƙarfen abin da ake aunawa domin su miƙe tare, a kuma rubuta zafin wurin a gefen kowane karatu.